Kurakuran da Na Tara a Baƙin Littafi

Shekarun baya, can wajen ƙarshen shekarun tamanin, lokacin da gwiwoyina suke iya hawa gaɓar kanal ɗin ban-ruwa ba tare da na nemi sanda ba, ni ne shugaban sashen zane a ofishin aikin noman rani da ke tsakanin Kura da Bunkure. Jikata ce ta matsa mini in riƙa rubuta muku irin waɗannan abubuwa. Na ce zan rubuta, amma da sharaɗin ba za ta taɓa mini ko waƙafi ɗaya ba. Ta yi dariya, ta ce shi ya sa har yau ake shakkata a gida. To, labarin yau a kan wannan hali nawa yake, da kuma mutumin da ya jure shi shekara goma sha huɗu.

A makarantar mishan ta ƙasarmu, can kan duwatsu, na koyi zane. Malaminmu ba ya duka, ba ya kuma faɗa. Idan ka miƙa masa aikinka, sai ya ɗaga takardar ya duba ta a hasken taga. In layi ya kauce ko da kaurin gashi ne, ya yage ta gida biyu, ya miƙo maka sabuwa, bai ce maka uffan ba. Daga wurinsa na ɗauko imanin cewa zane mai kyau shi ne wanda komai nasa ya miƙe: ƙofa ta kalli ƙofa, taga ta kalli taga, mutum ya tsaya a bakin gida ya hango har ƙarshensa. Da wannan imani na zo ƙasar Kano, kuma na riƙe shi kam. A ofis Hedimasta suke ce mini a bayan idona. Abokina ɗaya ne kawai, wani injiniya, yake faɗa a gabana.

Ga yadda aikinmu yake a wancan zamani. Ni nake zana asalin gida da fensir, sau ɗaya. Sai mai kwafi ya ɗora takarda mai shara-shara a kai, ya bi layukan da tawada, yana juya gidan yadda zaurensa zai kalli hanya, domin ba duk filaye suke kallon gefe ɗaya ba. Daga nasa zanen ake wanke kwafin da ake kai wa magina. Mai kwafina wani dattijo ne daga wani ƙauye kusa da Bunkure, ya girme ni da kusan shekara goma. Malam kowa yake ce masa. Hannunsa ba ya rawa, tawadarsa ba ta ɗiga. Ka ba shi zanen gada, ko ƙofar ruwa, ko sito, ka bincika da gilashi ba za ka sami abin kamawa ba. Amma in dai gidan zama ne, Malam ba ya kwafa daidai. Ƙofar ciki ta zaure, wadda na ajiye daura da ta waje, sai in tarar ta gusa ƙafa uku gefe. Wani lokaci kuma in tarar makewayi ya juya, ƙofarsa da matakansa suna kallon inda ban sa su ba.

A shekararsa ta farko na kira shi, na ɗora yatsa a kan ƙofar. Ya buɗe baki ya ce, “Yallaɓai, dama abin da ya sa…”

Na ce, “Malam, ba don kawo dalili aka ɗauke ka ba. Kwafi aka ɗauke ka ka yi.”

Ya ce, “To, Yallaɓai.”

Bai sake gwada yi mini bayani ba, bai kuma daina ba. Shafi ɗaya kwana uku yake ci, magina kuma kullum suna tsaye a bakin ƙofa, don haka sai in sa hannu raina a ɓace. Amma ban bar shi ya wuce haka nan ba. Ina da wani baƙin littafi a aljihun tebur, nan nake rubuta kowane kuskure: lambar fili, gefen da gidan ya kalla, abin da Malam ya canza, da ƙafa nawa. Shekara goma sha huɗu ina wannan, ban tsallake ko ɗaya ba. Na so in sami wanda zai maye shi a aikin gidaje, har hukuma ta ba sashena gurbin mataimakin mai zane. Gurbin nan shekara biyu yana nan ba kowa, domin duk wanda aka turo mini sai in gwada shi, in ce bai kai ba.

Ana cikin haka aka kawo kwamfuta. An tura abokina injiniya kwas, ya dawo da ita tare da wata na’ura mai hannu wadda take riƙe alƙalami tana zane a kan babbar takarda. Aka ware musu ɗaki mai na’urar sanyi, aka ce duk mai shiga ya tuɓe takalmi. Kowa ya ɗauka ni ne zan fara yaƙar ta. Ni ma haka na ɗauka, har ranar da abokina ya leƙo ofishina ya ce, “Hedimasta, taso ka ga wadda ta fi ka tsanani.”

Ya nuna mini cewa ba zane kawai ake yi da ita ba, ana iya koya mata yadda za ta yi zanen da kanta. Tana da harshenta na umarni, kuma harshen nan cike yake da baka-biyu: duk bakar da ka buɗe, dole ka rufe ta a inda ya dace. Na zauna na rubuta mata umarni bakwai, na zana ɗaki mai ƙofa ɗaya. Ta ƙi. Na sake dubawa, ban ga laifina ba. Ta sake ƙi. Sai da na bi da tsinin fensir ina ƙirgawa, na tarar na buɗe baka goma sha ɗaya, na rufe goma. Na yi dariya da ƙarfi, har abokina ya tsorata, domin ya ce bai taɓa jin sautin dariyata ba. Tun barina makaranta ba wanda ya sake yage mini takarda ba tare da magana ba sai wannan akwati. Daga ranar muka ƙulla.

Wata uku na yi ina koyo, duk yamma bayan an tashi sai in ƙara awa ɗaya. A ƙarshe na rubuta jerin umarnin da nake alfahari da shi. Na’ura za ta tambaye ka faɗin fili, da tsawonsa, da gefen da hanya take. Kana ba ta amsa, sai ta ɗauki asalin gidana gaba ɗaya, ta juya shi zaure ya kalli hanya, ta sa awo a kowane bango, hannun ƙarfe ya kama zane. Abin da Malam yake yi a kwana uku, kafin shayina ya huce an gama shi. Kuma a karo na farko cikin shekara goma sha huɗu, ƙofa ta kalli ƙofa kamar yadda na zana.

Ba a daɗe ba aiki ya samu. Za a ja sabon reshen kanal ta tsakiyar wani ƙaramin ƙauye, don haka za a mai da gidaje arba’in da biyu kan tudu, kuma dole a gama su kafin damina. Cikin kwana huɗu na fitar da shafi arba’in da biyu. A duk kwanakin nan Malam yana zaune a teburinsa, ba abin da aka ba shi.

A makon ne manaja ya tara shugabannin sassa, ya ce umarni ya zo a rage ma’aikata, kowane sashe ya ba da suna ɗaya kafin ƙarshen wata. Ban yi dogon tunani ba. Na san Malam yana da iyali mai yawa, na san ɗan filin noman da yake da shi ba zai riƙe su ba, na san kuma mai shekarunsa ba zai sake samun aikin ofis ba. Duk na sani. Amma na ce wa kaina adalci nake yi, tunda ina da shaida. Na buɗe baƙin littafi, na yi kwana uku ina tsamo kurakurai, suka cika shafi uku. Na haɗa da wasiƙa, na liƙe ambulan. Na nemi masinja, ba ya nan. Malam ya zo wucewa, sai na ce, “Malam, miƙa mini wannan ofishin manaja.” Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, “To, Yallaɓai.”

Da na gaya wa matata a wurin cin abinci, ta ajiye ludayi ta ce, “Maigida, shi ka ba ya kai da hannunsa?”

Na ce, “Masinja ba ya nan.”

Ta ce, “Allah ya sa ranar da za a kai taka, a sami mai karɓa da hannu biyu.” Ta kwashe kwanuka.

Ranar Litinin da safe ni da abokina muka tafi sabon wurin, domin a ja igiya a kafa turaku. Lokacin bazara ne, an gama yankan alkama, tumatir yana ta ruɓewa a kwanduna bakin hanya. Muka tarar da sarkin magina, wani tsoho mai jan haƙori saboda goro, da mai unguwar ƙauyen da za a tasa, da magina wajen goma. Na shimfiɗa zanen farko a kan motar ofis. Sarkin magina ya duba, ya juya takardar, ya ɗaga kai ya kalli rana, ya sake dubawa. Ya karɓi na biyu da na uku. Sannan ya ce, “Yallaɓai, mai zana mana gidaje rasuwa ya yi?”

Na ce, “Ni nake zana muku gidaje shekara goma sha huɗu.”

Ya ce, “A’a, Allah ya ba ka haƙuri. Wancan ya san gida. Wannan kuwa kanti ya zana mana.”

Magina suka kwashe da dariya. Na ce ya nuna mini laifin, layi da layi. Bai yi gardama ba. Ya sa aka ja igiya, aka zuba toka a ƙasa bisa awon zanen. Ya kama hannuna ya tsayar da ni a inda ƙofar waje take, ya ce wa mai unguwa ya shiga ya zauna a tsakar gida, daidai inda za a ajiye turmi.

Ya ce, “Kana ganinsa?”

Na ce, “Sarai,” kuma da alfahari na faɗa.

Ya ce, “To, iyalinsa ke nan kake gani, kai da mai tallan kananzir da duk wanda ya bi hanya.”

Mai unguwa ya ɗaga murya daga can ya ce, “Ku ce wa baƙon nan ya kau da kai, ban ɗaura zane ba!”

Aka sake dariya. Sarkin magina ya ja ni zuwa kusurwar makewayi, ya nuna matakan ƙafa a zanen, ya ce, “Wanda ya tsuguna nan, ina ya fuskanta?” Na duba kibiyar arewa a gefen takarda, na ce gabas, ta ɗan karkata arewa. Ya ce, “Nan muke fuskanta mu yi salla. Na can layin kuma baya za su ba alƙibla. A nan wurin ba a fuskantar alƙibla, ba a kuma juya mata baya.” Wannan maganar ba ranar na fara jin ta ba. Shekaru na yi cikin Musulmi, na ci da su, na yi musu gaisuwar mutuwa da ta suna. Na san abin a kaina, amma bai taɓa saukowa zuwa fensirina ba. A asalin zanena gidan kudu yake kallo, makewayin ma kudu, babu laifi. Da na’ura ta juya gidan, sai ta juya makewayin tare da shi.

Na ce, “To, ku gyara a ƙasa mana, tunda kun sani.”

Ya ce, “Yallaɓai, ai kai ka kafa dokar cewa duk abin da ba a zane ba a rushe shi. Bara ka sa na rushe katanga saboda tafin hannu ɗaya. Ni ba zan haƙa ba sai an kawo zane. Mutanen nan kuwa, gara su kwana a bukkar kara bakin kanal da su shiga wannan.”

Muka kama hanyar komawa har muka kusa ofis. Sannan abokina ya ce, “Hedimasta, ita fa ba ta yi kuskure ba. Abin da ka gaya mata ta yi, sau arba’in da biyu.”

Na rufe ƙofar ofishina, na fito da baƙin littafi. Wannan karon ban bi shi bisa kwanan wata ba, na jera shi bisa gefen da kowane gida ya kalla. Kafin la’asar abin ya fito fili. Duk gidan da ya kalli kudu ko arewa, Malam bai taɓa makewayinsa ba. Duk wanda ya kalli gabas ko yamma, ya juya shi. Ko sau ɗaya bai saɓa ba. Ƙofar zaure kuwa kullum gefe ɗaya yake gusar da ita, gefen da ya yi nesa da madafa, yadda mai shigowa zai fara cin karo da bango. Shekara goma sha huɗu ina rubuta dokar gina gida da hannuna, ina kiran ta sakaci. A duk shekarun nan an sha yaba wa ofishinmu cewa gidajenmu suna da daɗin zama, ni kuma nake amsa yabon.

Ban saba zuwa teburin kowa ba, kira nake yi. Ranar na tashi na je. Na tarar da Malam yana wanke alƙaluman tawada ɗaya bayan ɗaya, alƙaluman da ba wanda ya yi aiki da su tun mako uku. Zai miƙe, na ce ya zauna. Na ce, “Malam, shekara goma sha huɗu da suka wuce ka fara wata magana na katse ka. Ina roƙonka ka ƙarasa ta.”

Ya kalle ni, ya kalli littafin da ke hannuna. Ya ce, “Yallaɓai, ai maganar ta yi tsawo yanzu.”

Na ce, “Ina da lokaci.”

Kwana uku muka yi a ɗakin sanyi, mu uku. Malam ya tuɓe takalmi, ya naɗe cikin babbar rigarsa, yana cewa wannan sanyin na kifi ne ba na mutane ba. Shi yake faɗa, ni nake mai da maganar umarni, abokina yana duba bakunan da na manta. Wahalar da muka sha ita ce Malam mutum ne mai cewa “ya danganta”, na’ura kuwa ba ta san “ya danganta” ba. Dole in tambaya: ya danganta da me? Ni da ban taɓa tambayarsa komai ba, sai ga ni ina yi masa tambaya ɗari a rana. Da tambayar abubuwa suka yi ta fitowa, har waɗanda ba su cikin littafina domin ban ma lura da su ba. Rijiya ta zauna sama da makewayi, saboda tunda aka fara ban-ruwa, ruwa ya matso kusa da fuskar ƙasa a yankin nan. Kada turken awaki ya jingina da bangon ɗakin kwanan maƙwabci. Gidaje biyu da suke fuskantar juna, kada ƙofofin zaurensu su zo daura da daura. Da muka zo kan alƙibla, na’ura ta nemi lamba. Malam ya ce shi bai san lamba ba, ya ɗauki rula ya ajiye ta a karkace a kan takarda. Abokina ya auna, ya ɗauko taswirar safiyo da ke nuna masallacin Juma’a ya gwada, bambancin bai kai a ambata ba.

A rana ta biyu Malam ya daɗe yana kallon hannun ƙarfe yana kai-komo, sannan ya ce, “Yallaɓai, in ka ba ta umarnin da ba daidai ba, tana gaya maka?”

Na ce, “In baka ce ta ɓata, tana ƙi. In ma’ana ce ta ɓata, yi kawai take yi.”

Ya ce, “Ashe ita ce mai kwafin da kake nema tun tuni.”

Abokina ya yi dariya har ya fita waje. Ni ban yi ba, amma ban kuma ji haushi ba, domin gaskiya ce tsantsa.

Da sababbin zane suka fito, Malam ya riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa a hasken taga. Ban san inda ya koyi wannan ba, amma sai na ji kamar ina ɗan shekara goma sha biyar a gaban malaminmu. Ya wuce arba’in da ɗaya. A na ƙarshe ya tsaya. Fili ne na kusurwa, hanya biyu ta kewaye shi, kuma na’ura ta gusar da ƙofar ciki yadda aka koya mata, amma tagar zaure ta gefe ta buɗe tsakar gida ga ɗaya hanyar. Ba wanda ya tuna da wannan cikinmu. Ya miƙo mini takardar yana jiran in gani da kaina. Na ciro jan alƙalamina daga aljihu, wanda ban taɓa ba kowa ya riƙe ba, na miƙa masa. Ya kewaye tagar da ja, a hankali, da’irarsa kamar an yi da kamfas.

Saura kwana biyu wata ya ƙare na je wurin manaja. Wasiƙar tana nan a kan teburinsa, ba ta tafi hedikwata ba. Na ce na zo in janye ta. Ya ce, “Da shafi uku na shaida?” Na ce shaidar gaskiya ce, mai karanta ta ne bai iya karatu ba, na kuma ba shi labarin duka, har da maganar kanti. Ya saurara, sannan ya ce, “Na ji. Amma suna ɗaya aka ce, kuma sai na aika.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, akwai gurbin mataimakin mai zane. A soke shi.”

Ya cire tabarau ya ce, “Gurbin da ka hana ni sakat a kansa shekara biyu? Wanda na turo maka mutum shida ka kore su?”

Na ce, “Shi. Daga yau kuma ba zanen gidan da zai fita daga sashena sai da hannun Malam kusa da nawa.”

Ya yi ɗan tunani, ya ce zai gwada, tunda abin da ake so a rage shi ne yawan gurabe. Ya miƙo mini ambulan. A gabansa na yage ta gida biyu. Mako biyu muna jira kafin amsa ta zo cewa an karɓa. Wannan ne karo ɗaya a rayuwata da tsananina ya yi wa wani amfani, kuma ba da niyyata ba.

An gama gidajen kafin ruwan farko. Malam ya ƙara shekara shida yana aiki, ya yi ritaya da cikakken haƙƙinsa. Ba ya taɓa na’ura, amma duk umarnin da na ƙara mata sai ya bi ta wurinsa. A harshen nan akwai wata alama da in ka sa ta a farkon layi, na’ura ba ta karanta layin, na mutane ne kawai. A saman kowace doka na sa irin wannan layi, na rubuta dalilin dokar yadda Malam ya faɗe shi, da cewa daga bakinsa ta fito.

Ranar da aka yi masa walimar ban kwana, na ja shi gefe. Shekara shida abin yana cina. Na ce, “Malam, akwai wata wasiƙa da na taɓa ba ka ka kai ofishin manaja.”

Ya ce, “Na sani, Yallaɓai.”

Na ce, “Wa ya gaya maka?”

Ya ce, “Ba kowa. Kwana uku baƙin littafin nan yana buɗe a gabanka kana kwafa. Ni kuwa mai kwafi ne, ko daga nesa na san abin da ake kwafa.”

Na ce, “Kuma ka kai?”

Ya ce, “Ai aike ne.”

Na ce, “Kuma ka zauna kwana uku ka ba ni duk abin da ka sani, alhali kana ganin in na’ura ta koya an gama da kai?”

Ya gyara hularsa ya ce, “Yallaɓai, da ni da babu ni, mutanen nan shiga gidajen za su yi. Har ƙanwar mai ɗakina tana cikinsu. Da na yi shiru, ina zan sa kaina in ta zo gaisuwa?”

Na nemi gafararsa, ya ce ya yafe tun a lokacin, ya kuma ce in daina tsayawa a rana.

Malam ya riga mu gidan gaskiya da daɗewa. Kwamfutar nan ma na tabbata ta zama tarkace, jikata ta ce wayar da ke hannunta ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma idan na zauna ina lissafin waɗanda nake yi wa Ubangiji godiya saboda su, abokina yana ciki, domin shi ya ja ni ɗakin nan. Na’urar ma tana ciki, in ya halatta a gode saboda akwati: ita ce ta yi mini biyayyar da na yi shekaru ina nema, har na ga abin da biyayyar take haifarwa. Malam kuwa yana gaba da su duka. Har yau ban daina son layi ya miƙe ba, kuma ba na jin zan daina. Abin da ya canza kaɗan ne: idan wanda yake ƙarƙashina ya maimaita kuskure ɗaya sau uku, nakan ajiye jan alƙalami in tambaye shi dalili, in kuma bar shi ya kai ƙarshen maganarsa.

Bara jikata ta kai ni ƙauyen a mota. Ya girma, an yi shaguna, an sa kwano a inda muka bar soro. Na sauka da sandata, na bi tsohon layin, ina tsayawa a bakin kowane zaure ina leƙawa. Wani dattijo da ke zaune a kan dakali ya gaji da kallona, ya ce, “Baba, wa kake nema?”

Na ce, “Ba kowa. Dubawa nake ko ana hango cikin gida daga nan.”

Ya ce, “Ba a hangowa. Bango za ka gani.”

Na ce, “Madalla.”